Yadda ake jan babbar tirelar kwana ga wanda bai taɓa ja ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tirelar da nake magana ba irin tamu ta gida bace mai ɗauko siminti daga Obajana, wannan ɗaki ne guda a kan taya, da gado da kicin da banɗaki, wadda mutanen Amurka suke maƙalawa a bayan fikof su tafi daji ko bakin tafki su kwana biyu da iyalinsu. Shekara huɗu kenan ina jan tawa daga nan Houston, tsawonta ƙafa 30, kuma da wuya a sauko Juma'a wani bai tare ni a ƙofar masallaci yace shima fa yana son saye ba, ya ake yi. Toh ga yadda ake yi, kuma don Allah ka karanta kafin ka biya kuɗi ba bayan ka biya ba.

Bari in fara da abin da ya same ni a tafiyarmu ta biyu, don shi yasa nake ɗaukar maganar nan da zafi. Muna kan titin I-10 mun nufi San Antonio, ina tafiya wajen mil 70 a awa, sai wata babbar mota ta wuce mu ta hagu, iskarta ta bugi tirelar, kawai sai naji bayan fikof ɗin ya fara layi, dama hagu dama hagu, na duba madubi naga gefen tirelar ya leƙo ya koma ya sake leƙowa ta ɗaya madubin. Maman yara tana ta innalillahi, yaran kuma tsit, ko wanda ke kuka yayi shiru. Allah ne ya kiyaye. Da muka tsaya na buɗe, sai naga laifina ne ƙarara: janareta, buhun shinkafa biyu masu nauyin fam 50, katan-katan na ruwa, duk a ƙuryar baya na jibge su saboda nan ne akwai fili, ga kekunan yara rataye a bamba. Ko sau ɗaya ban taɓa hawa sikeli ba.

Mataki na farko tun kafin ka saya, ka san abin da motarka zata iya ɗauka. Mai sayarwa zai kalli fikof ɗinka yace ai wannan zata ja fam 10,000 cikin ruwan sanyi, nima haka aka ce min. Ba ƙarya yayi ba amma rabin zancen ya faɗa. Ja daban ɗauka daban. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, akwai wata sitika mai ruwan ɗorawa da fari wadda ta rubuta iskar taya, a nan ne aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar taka, ita kanta ba irinta ba, zata iya ɗauka. Wannan lambar ita ce ke fara ƙarewa kafin ta jan. Domin tirela ba janta kaɗai kake ba, wuyanta yana zaune ne a kan bayan motarka, kuma nauyin wuyan nan ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da lodinta.

Ga lissafi ka gani. A ce sitikarka ta ce fam 1,600. A jikin tirelar kuma ta gaba gefen hagu akwai tata takardar da aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyinta in ta cika da kaya, a ce fam 7,500, kilo 3,400 kenan. Da wannan lambar zaka yi lissafi, ka manta da nauyinta ba komai a ciki da suke rubutawa a talla, babu mai tafiya da tirela fanko. Kashi 13 na 7,500 shine 975. Ƙarfen mahaɗin da ke haɗa mota da tirela shi kansa ya kusa fam 100. Ka cire su, saura 525, kilo 238 kacal, kuma a cikinsa ne kai da uwargida da yara uku da kula da jakunkuna zaku shiga. Kaga kun cinye shi tun ba a ɗora komai a bodi ba. Shi yasa fikof irin F-150 ko Silverado 1500 ko Tundra suna ja lafiya amma in tirelar ta girma sosai sai dai ka haura zuwa F-250 da ire-irenta, ko ka haƙura ka sayi ƙarama. Ni dai in za a bi ta tawa, mai koyo ya sayi ƙaramar.

Maganar lasisi gajeriya ce, a yawancin jihohi lasisinka na yau da kullum ya isa irin wannan girman, sai in jimillar nauyin mota da tirela ya haura fam 26,000 ne wasu jihohin, har da Texas, suke neman wani aji daban. Ka duba dokar jiharka.

Na biyu, kayan haɗi. Abu huɗu ne ba a wasa da su. Ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa kai girma-girma ne, akwai inci 2 akwai inci 2 da 5/16, manyan tireloli galibi na biyun suke ci, kuma an buga girman a kan bakin tirelar da kan ƙwallon. In ka ɗora babban baki a kan ƙaramin ƙwallo zai zauna kamar ya kama, rami ɗaya zaka faɗa ya tsalle ya fita. Sai mahaɗi mai rarraba nauyi, wanda yake da sanduna biyu na ƙarfe da ke ɗaga bayan mota su mayar da nauyi kan tayoyin gaba, ka sayi wanda yake haɗe da abin hana layi. Sai na'urar birkin tirela da ke cikin mota, wasu fikof suna zuwa da ita daga kamfani wasu sai an saka, tana da ɗan lamba da ake ƙarawa ko ragewa da kuma wani ɗan hannu da ake matsewa da yatsa ya kama birkin tirela kaɗai, ka san inda ɗan hannun nan yake har ka iya kai hannu ido rufe. Na huɗu madubi mai miƙewa waje, in ba ka ganin ƙarshen tirelarka a madubi toh makaho ne kai a titi.

Na uku, lodi. Mu fa mun taso muna ganin mota an yi mata lodi har ta durƙusa a ce Allah ya kiyaye hanya a wuce, wannan ɗabi'ar ka ajiye ta. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksul ko gabansa kaɗan, kusan kashi 60 na kayan a gaban tayoyin. Bayan tayoyi sai marasa nauyi, bargo, filo, tabarma. In baya yayi nauyi wuya sai yayi sako-sako, da wuya yayi sako-sako sai layi, shikenan abin da ya same ni kenan. Ruwa ma kaya ne, lita ɗaya kilo ɗaya, tanki mai galan 45 in ka cika shi ka ɗora kilo 170 kenan, don haka in inda zaka akwai famfo ka zuba kaɗan na alwala da banɗakin hanya kawai. A rufe duk kabod, a kulle firij, a ɗaure abin da zai gangara. Kuma ba a barin mutum ya zauna cikin tirela ana tafiya, ko yaro yayi kukan duniya.

Na huɗu shine sikeli, kuma nan ne mutane suke jin ƙyuya. Hausawa sunce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, toh a maganar tirela idon bai san komai ba. A manyan gidajen mai na direbobin tirela irin su Love's da Pilot akwai sikelin CAT mai allon ruwan ɗorawa, kowa yana iya hawa, kuɗin kaɗan ne. Faranti uku ne a jere: tayoyin gaban mota a na farko, na baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku. Kaje da cikakken lodinka da iyalinka a ciki kamar ranar tafiya. Ka auna sau uku, da sandunan a ɗaure, sannan ka kwance sandunan ka sake, sannan ka ajiye tirelar a fili ka auna motar ita kaɗai. Nauyin motar a awo na biyu ka cire na awo na uku, abin da ya rage shine nauyin wuya. Ka raba shi da nauyin tirelar gaba ɗaya, wato na tayoyinta a awo na biyu haɗe da na wuyan, in bai kai kashi 10 ba ka matso da kaya gaba, in kuma aksul ɗin bayan motarka ya haura abin da aka rubuta masa a ƙofa ka sauke kaya. Ni ranar da na fara aunawa da lodi irin na waccan tafiyar wuyan bai kai kashi goman ba, na daɗe a tsaye riƙe da takardar ina tuna yaran da ke kujerar baya.

Na biyar, haɗawa. Ka tsara wa kanka jeri ɗaya ka riƙa binsa kullum, in wani ya katse ka da hira a tsakiya ka koma daga farko. Nawa ga shi. Waigi yana ƙarƙashin tayoyin tirela tukuna. In ɗaga wuya da jak ya fi ƙwallo tsawo, in yi ribas a hankali har ƙwallo ya shiga ƙarƙashin baki, in sauke, in rufe makullin in zura fil. Sannan in sake ɗaga jak ɗin, in naga bayan motar yana tasowa tare da tirelar na san ya kama da gaske, kuma a wannan ɗagawar ce sandunan suke shiga da sauƙi. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuya, ta dama ta tafi hagu ta hagu ta tafi dama, don in tirelar ta fice wuyan ya faɗa kansu kamar majanyi kada ya caki kwalta, su yi sakin da zai isa kwana amma kada su ja ƙasa. Akwai wata siririyar waya ta birkin gaggawa, in tirela ta rabu da mota ita ce ke fizgewa ta kama birki da batirin tirelar, a jikin motar ake maƙala ta ita kaɗai, ba a jikin sarƙa ba. Sai fulogin wuta mai baki bakwai. Sai a naɗe jak har sama, a ɗage ƙafafun kusurwa huɗu, a cire waigi a jefa cikin akwati.

Daga nan ka ja baya ka kalli motar da tirelar daga gefe. Su miƙe sambal, ko hancin tirelar ya ɗan sunkuya kaɗan, amma kada ya ɗaga sama. Da tef ka auna daga ƙasa zuwa bakin mudgad na tayar gaba kafin haɗawa da bayan haɗawa, in gaban ya ɗaga sosai ka ƙara wa sanduna ƙarfi har ya dawo kusa da awon farko, littafin motarka ya faɗi iya dawowar da suke so. Sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, ka sa sigina dama da hagu. Zagaya sau ɗaya ka duba rumfa a naɗe, matakala a ciki, tagogi da murfin sama a rufe, wayar wuta da tiyon ruwa an cire.

Taya kuma, da safe tana sanyi ake auna iska, da geji ba da bugun ƙafa ba. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, saboda zaman rana da take yi. Duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe sati ne da shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In ta kai shekara biyar ni canzawa nake ko da tana ƙyalli. Notin taya a ɗaure shi da sufana mai awo, in sabuwar tirela ce ko an taɓa kwance tayar a sake dubawa bayan 'yar tafiya kaɗan.

Na shida, koyo, kuma ba ranar tafiya ake koyo ba. Nemi babban fili da ba kowa, ka jera robobin ruwa su zama alama. Fara saita birki: a miƙaƙƙen wuri busasshe kana tafiya mil 25, matse ɗan hannun nan har ƙarshe, in tayoyin tirela sun ƙame suna ƙara ka rage lamba, in ba ka ji ta riƙe ka ba ka ƙara, har ka samu daidai ƙasa da inda suke ƙamewa. Sai kwana. Tayoyin tirela ba sa bin sawun na mota, yanke kwana suke ta ciki, don haka ka wuce gaba sosai kafin ka karya sitiyari, idonka a madubin ɓangaren da kake juyawa. Gindinta kuma yana fita ta ɗaya ɓangaren, shi ke kwashe famfon mai da motocin mutane.

Ribas shi ke sa manya gumi. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ya shekara da shekaru yana tuƙa manyan motoci a ƙasar nan, Kawu muke ce masa, shi ya koya min a filin bayan masallaci. Yace ɗora hannunka a ƙasan sitiyari ba a sama ba, inda kake so gindin tirela ya nufa can zaka kai hannun. Kaɗan-kaɗan, ka jira ta amsa, don bata amsawa nan take, mai koyo sai yaga bata juya ba ya ƙara murɗawa sai ta karye masa gaba ɗaya ta nufi bodin motar. Da ka ga ta fara karyewa da yawa kada ka yi ta kokawa, ja gaba ka miƙe ka sake, ko sau goma ne. In da hali ka shigo ta yadda zata karya ta ɓangaren direba inda kake gani da idonka. Na ce Kawu in mutane suna jira fa suna kallo? Yace su kalla mana, su zasu biya maka gyara? Sauka ka duba da ƙafarka, nima har yau ina sauka.

Mai duba maka baya, wanda a gida zamu ce yaron mota, a nan galibi uwargida ce, ku yi magana tun kafin a fara. Ta tsaya inda kake ganinta a madubi, da ta ɓace ka taka birki. Ku kira juna a waya a saka a sifika, ta riƙa cewa ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja maimakon dama da hagu da ke rikita mutum, ta kuma riƙa ɗaga kai tana duba rassan bishiya. Kuma ɗan uwa kada ka ɗaga mata murya, taimakonka take, gidaje da yawa a wajen ribas ɗin nan hutunsu yake lalacewa.

Na bakwai, hanya. Auna tsawon tirelarka daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki da kanka, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Akwai wata gadar jirgin ƙasa a Durham ta jihar North Carolina da tayi suna wajen aske kan motoci, tsawonta ƙafa 11 da inci 8, a 2019 aka ɗaga ta zuwa 12 da inci 4 amma bata daina ci ba, bidiyonta cike suke a YouTube. Taswirar waya bata san kana jan komai ba, zata iya tura ka titunan New York da ake kira parkway da aka hana tirela bi saboda gajerun gadoji, ko ramukan ƙarƙashin ruwa na Baltimore da aka hana shiga da manyan tukwanen gas. Ka duba hanyar tun da dare a gida, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Gudu, ni bana wuce mil 60 zuwa 62 yanzu. Tayoyin tirela da yawa iyakarsu mil 65 in ba an rubuta wani abu daban a jikinsu ba, a California ma doka ce duk mai jan tirela kada ya wuce 55. Zauna a layin dama, danna maɓallin da aka rubuta Tow/Haul, ka bar tazara ninki biyu na wadda ka saba. Wanda ya matsu ya wuce. A gangara irin ta duwatsun Colorado tun daga saman zaka rage gudu ka sauko da giya inji ya riƙe ka, birki kuma a taka da ƙarfi a saki ya huce, in ka ɗora ƙafa a kai har ƙasa zai yi zafi ya daina kamawa. In iska tana kaɗawa sosai ta gefe, nemi wuri ka tsaya kawai.

In layi ya fara, ga abin yi, ka haddace shi. Kada ka taka birkin mota, kada ka yi ƙoƙarin gyarawa da sitiyari, riƙe shi a miƙe da kyau. Ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka matse ɗan hannun birkin tirela, ita zata ja baya ta miƙe da kanta kamar an ja igiya. Da gudu ya sauka ka nemi gefe ka tsaya ka binciki dalili, lodi ne, iskar taya ce ko gudu ne, kada ka ci gaba a haka.

Mai zata sha kusan ninkin yadda ka saba, don haka da tanki ya kai rabi ka fara neman gidan mai mai faɗi, ka hango ta inda zaka fita kafin ka shiga, ka ɗauki famfon gefe, ka kashe gas ɗin firij kafin ka matso. Duk awa biyu ina tsayawa, galibi ina haɗa shi da lokacin sallah, in zagaya in taɓa kowace taya da cibiyarta da bayan hannu, in ɗaya ta fi sauran zafi sosai akwai matsala a boris ko birki, in duba sarƙa da fil da fulogi. Tafiyar farko kada ta wuce awa biyu daga gida, ka kama wuri irin wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ba sai da ribas ba, kuma ka isa da rana tun kafin la'asar.

Da ka isa kada ka yi saurin kwancewa. Fara duba ko wayar wuta da tiyo zasu kai, da kuma ko ɗakin da ke turowa waje zai samu fili. Daidaita gefe da gefe tun tana haɗe da mota, ka jera katako a gaban tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa ka ja ta ta hau. Sai waigi gaba da baya a ɓangarorin biyu, wannan kafin ka taɓa komai, don tirela bata da hambirki, da ka ɗaga ta daga ƙwallo in wurin yana da ɗan gangare tafiya zata yi. Sannan ka ɗaga jak ka kwance sanduna, ka buɗe makulli ka ɗaga wuya ya bar ƙwallo, sarƙoƙi su ne na ƙarshen cirewa bayan ka tabbata ta tsaya cak. Ja motar gaba, ka daidaita gaba da baya da jak ɗin wuya, daga ƙarshe ka sauke ƙafafun kusurwa huɗu su taɓa ƙasa su ɗan danna kaɗan kawai, ba a ɗaga tirela da su, lanƙwashewa suke. Sai ka buɗe ƙofa yara su shiga.